Zarra, Jauharul Fardi da Atam: Sharhi a kan Wata Fassara da Ta Yaɗu a Majalisun Tafsiri

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan fassarar da ke ɗaukar kalmar zarra ta Alƙur'ani mai girma a matsayin atam na masana kimiyya, ta kuma ɗauki ambaton abin da ya fi zarra ƙanƙanta a matsayin labarin fasa atam tun kafin aukuwarsa. An bi kalmar ta cikin littattafan lugga, an bi ra'ayin ɓangaren da ba ya rabuwa tun daga Yunanawa zuwa malaman kalam, sa'annan zuwa ɗakunan gwaje-gwaje. Nazarin ya nuna cewa abubuwa ne guda uku mabambanta waɗanda suna ɗaya ya haɗa daga baya, kuma jingina aƙida ga wannan haɗin yana da haɗarin da magabata suka riga suka faɗakar a kai.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

A watan azumin da ya wuce na kai ziyara wurin 'yan'uwa a wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, cikin yankin noman rani da ke shan ruwa daga madatsar Tiga. Bayan la'asar muka zauna tafsiri. Da mai jan baƙi ya kai aya ta 61 ta Suratu Yunus, wadda ke tabbatar da cewa babu abin da ke ɓuya ga Ubangiji, ko da nauyin zarra ne ko abin da ya fi ta ƙanƙanta ko girma, sai malamin ya tsaya. Ya ce zarra ita ce atam, Turawa sun daɗe suna cewa babu abin da ya fi ta ƙanƙanta, sai da suka fasa ta suka yi makamin ƙare dangi sa'annan suka gano abin da Alƙur'ani ya faɗa tun ƙarni goma sha huɗu. Masallaci ya ɗauki kabbara. Malamin mutum ne mai tsoron Allah da kyakkyawar niyya, kuma maganar ba shi ya ƙirƙiro ta ba, ana jin ta a rediyo da wayoyin hannu.

Da daddare ɗan ƙanena, wanda ke aji biyar na sakandare, ya same ni a tsakar gida ya ce: "Baffa, malaminmu na kimiyya ya ce wani Bagirke ne ya fara maganar atam tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Idan an san shi tun kafin saukar Alƙur'ani, kuma ba a san ana fasa shi ba sai daga baya, me sahabbai suka fahimta ke nan da ayar?" Wannan tambaya ita ce dalilin rubutun nan. Yaron bai yi shakkar Alƙur'ani ba, amma an ɗora masa hujjar da littafin ajinsa ke iya girgizawa, wannan kuwa abin tsoro ne.

2.0 Zarra a Luggar Larabawa

Nauyin zarra ya zo a wurare shida a cikin Alƙur'ani: Nisa'i 40, Yunus 61, Saba'i 3 da 22, da Zalzala 7 da 8. Littattafan lugga sun ba kalmar ma'anoni biyu mashahurai. Ta farko ita ce ƙaramar tururuwa, irin wadda Bahaushe ke kira ƙiyashi. Ibn Manzur (ya rasu 711H) ya kawo wannan ma'ana a Lisanul Arab, har ya ruwaito daga Sa'alab cewa guda ɗari daga cikinsu ke yin nauyin ƙwayar sha'ir ɗaya. Ta biyu ita ce ƙurar da ake gani tana yawo a cikin hasken rana idan ya shigo ɗaki ta taga. A kan waɗannan ma'anoni mufassiran farko suka tsaya.

A kowace daga cikin ma'anonin biyu zarra abu ne da ido ke gani. Balarabe yana buga misali da ita wajen nuna matuƙar ƙanƙanta, kamar yadda mu ma muke cewa wane ba shi da tausayi ko ƙwayar zarra, ba tare da muna nufin wata mas'alar kimiyya ba. Saboda haka sahabin da ya ji an ambaci abin da ya fi zarra ƙanƙanta bai ji abin da zai ɗaure masa kai ba. Ya san ƙiyashi yana da ƙafa, ƙafar kuwa ta fi shi ƙanƙanta.

3.0 Daga Yunanawa zuwa Malaman Kalam

A ƙarni na 5 kafin Miladiyya Lukibus da almajirinsa Dimuƙraɗis suka ce duk abin da ke akwai ƙwayoyi ne da sarari. Suka kira ƙwayar da sunan da ke nufin abin da ba ya yankuwa, daga nan kalmar atam ta samo asali. Ƙwayoyin nan a wurinsu daɗaɗɗu ne, ba su da farko, ba su da iyaka a adadi, sun bambanta a siffa da jeri, haɗuwarsu da rabuwarsu ne ke haifar da duk wani canji. Ba su kai ga wannan ta gwaji ba. Amsa ce ta hankali ga Barmanidis, wanda ya musanta yiwuwar canji gaba ɗaya. Arisɗo ya ƙi ra'ayin, ya ce jiki yana karɓar rabuwa ba iyaka, ya gina bayaninsa a kan hayula da sura da asulla huɗu: wuta da iska da ruwa da ƙasa. Ra'ayinsa ne ya yi rinjaye a makarantun falsafa na ƙarnoni masu yawa.

A Basra, a ƙarshen ƙarni na 2 da farkon na 3 na Hijira, mas'alar ta sake tasowa a hannun Mu'utazilawa, musamman Abul Huzail al-Allaf, da sunan juz'in da ba ya rabuwa, wanda daga baya ya shahara da jauharul fardi. Imam al-Ash'ari (ya rasu 324H) ya tattara maganganun da aka yi a kai a cikin Maƙalatul Islamiyyin, Alƙali al-Baƙillani (ya rasu 403H) kuma ya tsara shi a matsayin shimfiɗar hujja. Wanda ya karanta su da idon basira zai ga sun juya ra'ayin Dimuƙraɗis ne gaba ɗaya. Jauharinsu fararre ne, adadinsa yana da iyaka, dukkan jauharai iri ɗaya ne, launi da ɗanɗano da motsi da rayuwa kuwa aradai ne da Allah ke halittawa a cikinsu. Ash'arawa suka ƙara da cewa aradi ba ya wanzuwa lokuta biyu a jere, wato duniya tana buƙatar Mahaliccinta a kowane numfashi. Abin da Bayunane ya gina don ya wadatu daga mahalicci, shi mutakallimi ya sake gina shi don ya tabbatar da buƙatuwa zuwa gare Shi.

A nan akwai shaidar da ta isa ta yanke gardama game da kalmar zarra. Da al-Baƙillani ya zo kafa dalili a kan samuwar jauharul fardi a littafinsa at-Tamhid, sai ya gwada giwa da zarra. Ma'anar hujjarsa ita ce mun san giwa ta fi zarra girma, da a ce ɓangarorin kowace ba su da iyaka da ɗaya ba ta fi ɗaya ba. Limamin masu wannan ra'ayi ke nan yake ɗaukar zarra a matsayin jiki mai ɓangarori. Da zarra ita ce ɓangaren da ba ya rabuwa a wurinsa, da hujjar ba ta da ma'ana.

Haka nan ba a taɓa yin ijma'i a kan jauharul fardi ba. An-Nazzam, almajirin Abul Huzail, ya musanta shi tun a zamanin malaminsa. Ibn Sina ya rushe shi da hujjojin handasa. Ibn Hazm (ya rasu 456H) da Ibn Rushd (ya rasu 595H) da Ibn Taimiyya (ya rasu 728H), duk da nisan da ke tsakanin mazhabobinsu, sun haɗu a kan ƙin sa. Fakhruddin ar-Razi (ya rasu 606H) ya kare shi a wasu littattafansa, ya dakata a wasu.

Wannan gado ya iso ƙasarmu ta hanyar littattafan zaure. Jauharatut Tauhid ta al-Laƙƙani (ya rasu 1041H) ta ambaci jauharul fardi ta tabbatar da faruwarsa. Ummul Barahin ta Imam as-Sanusi (ya rasu 895H), wadda ta fi kowane littafin tauhidi yaɗuwa a nan har Muhammad al-Wali ɗan Sulaiman ya mayar da sharhinta na Fulatanci zuwa Larabci a al-Manhajul Farid, ta kafa dalilin faruwar duniya a kan lizimtar jirmi ga aradai fararru, kamar motsi da tsayawa. Matanin bai rataya dalilin a wuyan jauharul fardi ba, wannan kuwa hikima ce da ya kamata a lura da ita.

4.0 Abin da Ma'auni Ya Kawo

Shekara fiye da dubu biyu ana jayayya a kan ƙwayar da ba ta rabuwa, babu wanda ya rinjayi wani rinjaye na ƙarshe, domin kowa da hujjar hankali yake yaƙi. Abin da ya sauya lamarin shi ne ma'auni. Lavoisier ya nuna cewa nauyin sinadarai ba ya ɓata idan suka haɗu, ya fitar da jerin asullan sinadarai a 1789. Proust ya nuna cewa kowane haɗaɗɗen sinadari yana ɗauke da asullansa bisa rabo na nauyi wanda ba ya canzawa. A 1808 John Dalton ya bayyana dalilin haka: kowane asali yana da atam nasa mai nauyi na musamman, kuma atam-atam suna haɗuwa ne bisa adadi ƙidayayye. Mendeleev ya jera asullan bisa nauyinsu a 1869, ya bar gurabe ga waɗanda ba a gano ba, daga baya aka gano su da siffofi kusa da yadda ya ƙaddara. Duk da haka wasu manyan masana sun ci gaba da shakkar samuwar atam, har sai da lissafin Einstein na 1905 da gwaje-gwajen Perrin na 1908 suka ba da hanyar ƙidaya su.

Mai son ganin bambancin wannan atam da na magabata ba ya buƙatar zuwa Turai. Ya tsaya bakin kowace gonar shinkafa a Kadawa ya dubi buhun yuriya, zai ga an rubuta 46 a jikinsa. Ƙwayar yuriya ta ƙunshi atam ɗaya na kabon mai nauyi 12, ɗaya na oksijin mai nauyi 16, biyu na naitirojin mai nauyi 14 kowanne, da huɗu na haidirojin mai nauyi 1 kowanne. Jimla 60 ke nan, naitirojin yana da 28 a ciki, wato kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kimanin kilo 23 na naitirojin, alhali buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kilo 7 da rabi yake ɗauke da shi. Manomin da ya san wannan ya san buhun yuriya ɗaya ya kai kamfa uku ta fuskar naitirojin, kuma da wannan lissafin ne ake kama gurɓataccen taki a ɗakin gwaji. Shi kansa naitirojin ɗin daga iska ake kamo shi, ta hanyar da Haber ya nuna a 1909, Bosch ya mayar da ita masana'anta a 1913. Dimuƙraɗis bai iya fitar da lamba irin wannan daga ra'ayinsa ba, al-Baƙillani ma bai nema ba, domin tambayarsa daban ce.

Dalton ya aro tsohon sunan ne bisa zaton ya kai ga abin da ba ya rabuwa, zaton kuwa bai yi ƙarni guda ba ya faɗi. A 1897 Thomson ya gano ilektiron. A 1911 Rutherford ya nuna cewa kusan dukkan nauyin atam yana tattare a wata 'yar cibiya, saura sarari ne. A 1932 Chadwick ya gano niyutiron, a ƙarshen 1938 Hahn da Strassmann suka raba cibiyar yuraniyom, Meitner da Frisch suka yi bayanin abin da ya faru, a ranar 6 ga Agusta 1945 aka jefa bam a Hiroshima. A 1964 Gell-Mann da Zweig suka ce furoton da niyutiron su ma haɗe suke daga ƙananan ɓangarori da ake kira kuwak. A Zariya, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, inda ake raba cibiyar yuraniyom a yi amfani da niyutiron wajen tantance asullan da ke cikin ƙasa da duwatsu.

5.0 Auna Fassarar

Aibi na farko na lugga ne. Marubutan Larabci da suka fara fassara kimiyyar zamani a ƙarni na 19 sun kira atam da jauharul fardi, sai a ƙarni na 20 kalmar zarra ta yi rinjaye. Littafin Shlomo Pines na 1936 a kan ra'ayin mutakallimai, da Abu Rida ya fassara shi a Alƙahira a 1946, ya sa masa suna Mazhabuz Zarra indal Muslimin, alhali mutakalliman da littafin ke magana a kansu ba su kira ra'ayinsu da wannan suna ba. Mai fassara ne ya aro kalmar Alƙur'ani ya raɗa wa atam, sa'annan muka juyo muka ga kalmar a cikin Alƙur'ani muka yi mamaki. Ɗora isɗilahin da ya faru daga baya a kan lafazin wahayi kuskure ne da malaman usulu suka daɗe da hanawa. Imam ash-Shaɗibi (ya rasu 790H) ya tsaya a kan wannan a al-Muwafaƙat, inda ya wajabta fahimtar Alƙur'ani bisa abin da Larabawan lokacin saukarsa suka saba da shi a zancensu, ya kuma soki masu jingina masa dukkan ilmukan mutanen farko da na ƙarshe.

Aibi na biyu na tarihi ne. Cewa duniya ta haɗu a kan babu abin da ya fi atam ƙanƙanta har zuwa zamanin bam ba daidai ba ne. Arisɗo, wanda ya riga saukar Alƙur'ani da kusan shekara dubu, yana ganin kowane jiki yana karɓar rabuwa. Masana kimiyya kuwa sun san atam yana da ɓangarori tun 1897, shekara 48 kafin Hiroshima. Ɗalibin da ya san waɗannan shekaru zai gane cewa labarin da aka ba shi a masallaci an gyara shi ne don ya dace da hujja.

Aibi na uku, wanda ya fi nauyi, na aƙida ne. Ibn Khaldun (ya rasu 808H) ya ba da labari a Muƙaddima cewa al-Baƙillani ya sanya shimfiɗu irin su jauharul fardi da sarari a matsayin abin da ya wajaba a ƙudurce, bisa ganin cewa rushewar dalili tana nuna rushewar abin da aka kafa dalilin dominsa. Malaman da suka zo baya, bayan sun yi nazarin manɗiƙ, suka bar wannan ƙa'ida, domin gaskiya ɗaya tana iya samun dalilai da yawa, faɗuwar ɗaya ba ta kayar da ita. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (ya rasu 1232H), Allah ya jiƙansa, ya yi fama da wani reshe na wannan cuta a ƙasar nan, ya yi raddi a littattafai irin su Hisnul Afham ga ɗaliban kalam da ke kafirta talakawa don ba su iya jero dalilai bisa tsarin mutakallimai ba. Mai tafsirin da ya ɗaure ayar Yunus da atam yana komawa ramin da aka riga aka fita. Siffar atam ta canza sau da yawa tsakanin Dalton da yau, wanda ya ɗaura akuyarsa a jikin motar da ke lodi kuwa kada ya yi mamaki idan ya waiwaya bai gan ta ba.

Mai kare fassarar zai iya cewa lafazin ayar gamamme ne, duk abin da ya fi zarra ƙanƙanta ya shiga ciki, har da ilektiron da kuwak. Wannan gaskiya ne, kuma babu Musulmin da zai musa. Sai dai shigar abu ƙarƙashin gamammen lafazi daban, da'awar cewa lafazin ya zo ne don ya ba da labarinsa daban. Na farko imani ne da kewayewar ilmin Allah, shi ne abin da ayar ta sauka dominsa, kuma sahabi ya same shi cikakke. Na biyu da'awa ce ta mu'ujiza, tana buƙatar a nuna cewa lafazin ya keɓanci abin da ba a sani ba, wannan kuwa lugga ba ta ba da shi ba.

Haka nan ba daidai ba ne a ce fasa atam ya rushe jauharul fardi, ko a ce ilektiron ya tabbatar da shi. Abin da aka fasa suna ne Dalton ya raɗa masa bisa zato. Ilektiron kuwa, ko da yake gwaji bai nuna masa ɓangarori ba zuwa yau, ya bambanta da kuwak a nauyi da caji, alhali jauharan mutakallimai iri ɗaya ne.

6.0 Gyara ga Ɗaya Ɓangaren

Adalci ya hukunta a ce darasin da yaron ya ji a aji shi ma yana da giɓi. Yadda aka saba ba da labarin shi ne a tashi daga Dimuƙraɗis a dira kan Dalton, kamar babu wanda ya yi tunani a tsakani. Alhali a ƙarnonin da ra'ayin Arisɗo ya mamaye makarantu, mutakallimai ne suka fi kowa zurfafa bahasi a kan rabuwar jiki da sarari da motsi, har Musa ɗan Maimun, malamin Yahudawa da ya rasu a Masar a 1204, ya jera shimfiɗunsu goma sha biyu a Dalalatul Ha'irin, littafin da aka fassara zuwa Latin malaman Turai suka karanta. Ya dace a koya wa 'ya'yanmu wannan da sunayen mutanensa da hujjojinsu. Maganin giɓin shi ne a cike shi da abin da ya faru, ba tare da an ce su ne suka gano atam na buhun yuriya ba.

7.0 Kammalawa

Abin da na faɗa wa ɗan ƙanena a daren nan shi ne sahabbai sun fahimci ayar fahimta cikakkiya: Allah ya san nauyin ƙiyashi da abin da bai kai shi ba, zai kuma yi hisabi a kai. Na ce masa ya riƙe darasin malaminsa na kimiyya da kyau, domin gonar mahaifinsa tana buƙatar mai iya karanta lambobin da ke jikin buhu. Ina kira ga 'yan'uwana masu tafsiri da su koma ga Lisanul Arab da tafsiran farko kafin su ɗora wa kalma ma'anar zamani, ga sassan nazarin addinin Musulunci kuma da su mayar da babin jauhari da aradi cikin manhaja tare da tarihinsa da saɓanin da ke cikinsa. A cikin masu kabbara a masallacin nan akwai yaran da washegari za su zauna a ajin kimiyya, haƙƙinsu ne a kanmu mu ba su abin da zai tsaya a wuraren biyu.

Allah ne Mafi sani.